Babi na Shida: Buri, Kifin Ruwa Biyu

Duk wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa a bayan gida, ko ya tsaya gaban mai kifin ƙanƙara ya ji kuɗin taitus, akwai tambayar da takan zo masa: me zai hana a samo 'ya'yan kifin nan na teku, a zuba su a tafki a Kano ko Maraɗi, a huta da shigo da shi daga waje? Ruwa ai ruwa ne. Masu kiwo sukan ba da amsa a taƙaice, su ce kifin teku ba ya rayuwa a ruwan daɗi, na kogi kuma ba ya rayuwa a ruwan gishiri. Sun yi gaskiya in ana maganar mafi yawan kifaye. Ka jefa taitus a tafki, ba zai ga gobe ba. Ka kai tarwaɗa tsakiyar teku, ita ma ƙarshenta ke nan.

Sai dai akwai kifayen da wannan doka ba ta hau kansu ba, kuma cikinsu akwai wanda za mu duba a wannan babi, mai yawa da amfani ga ɗan Adam. Ana haifarsa a teku, ya girma a bakin kogi, ya hau ruwan daɗi ya yi kiwo, in lokacin haihuwa ya yi ya koma teku. Masu Ingilishi suna ce masa malet, masu Faransanci su ce mule. Mu da muka tashi nesa da teku ba mu saba ganinsa a kasuwa ba, don haka za mu ari sunan da Misirawa suke kiransa da shi, wato buri, tunda su ne suka fi kowa sanin darajarsa a Afirka. Sunan ya yi kama da burin zuciya, amma ba su haɗa komai ba.

In muka gane yadda buri yake ƙetare iyakar da ta gagari taitus da tarwaɗa, mun samu amsar tambayarmu ta farko.

Yadda za ka gane shi

Dangi ne babba, sun haura iri 70. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne mai faffaɗan kai, wanda masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Karl Liniyas, ya raɗa wa sunan kimiyya Mugil cephalus a 1758. Ana samunsa a gaɓar kusan kowane teku mai ɗumi: daga Senegal zuwa Angola, Bahar Rum, Bahar Maliya, Indiya, Japan, Ostireliya, da gaɓar Amurka gabas da yamma. A tafkin Legas da rafuffukan Neja Delta yana zaune tare da wasu 'yan uwansa ƙanana.

Jikinsa mulmulalle ne kamar taɓarya, kansa a baje ta sama kamar an danna shi da tafin hannu. Bayansa toka-toka ne mai ɗan duhu, gefensa fari sal kamar azurfa da siraran layuka daga kai zuwa wutsiya. Fiffiken bayansa biyu ne, a rabe, na gaba yana da ƙaya huɗu masu tsini. Yawancin waɗanda masunta ke kamawa ba su wuce kamu ɗaya ba, wato santimita 30 zuwa 50, ko da yake akan samu wanda ya kusa mita guda.

Abu biyu nake so ka lura da su in ya zo hannunka. Na farko idonsa: wani kitse garai-garai ya lulluɓe shi ta gaba da ta baya, ya bar 'yar tsaga a tsakiya, sai ka ce kifin yana sanye da tabarau. Na biyu bakinsa. Ɗan ƙarami ne, haƙoransa ba su fi gashin buroshi ba. Wanda ya san bakin tsage ko na giwan ruwa, da ganin wannan zai san mai shi ba mafarauci ba ne. Za mu dawo kan bakin nan.

Gishiri da ruwan jiki

Bayan layya, in ana son fatar rago kada ta ruɓe, gishiri ake barbaɗa mata. Kafin wani lokaci sai ka ga ruwa yana tsattsafowa daga fatar. Haka in ka yanka tumatir ka zuba masa gishiri, ko ka barbaɗa wa matsattsaku, nan take ya yamutse. Gishiri yana jan ruwa zuwa inda yake. Duk inda ruwa biyu suka yi maƙwabtaka, siririyar fata ta raba su, ruwa zai riƙa tsallakawa daga ɓangaren da gishiri ya yi kaɗan zuwa ɓangaren da ya yi yawa.

To, shi ma kifi akwai gishiri a jininsa. Ledar ruwan da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti tana da gishiri giram 9 a kowace lita, don ta yi daidai da jinin mutum, kuma jinin kifi bai yi nisa da haka ba. Ruwan teku kuwa giram 35 ne a lita, kamar ka juye ruwan leda biyu a kwano ka zuba babban cokali biyu na gishiri. Ruwan kogi kusan babu komai a cikinsa.

Ka ga ke nan kifin teku yana cikin halin fatar ragon nan. Ruwan da ke kewaye da shi ya fi jininsa gishiri ninki uku ko fiye, saboda haka kullum ruwan jikinsa tsiyayewa yake yi. Yana tsakiyar teku amma ƙishirwa ce babbar barazanarsa. Dabararsa ita ce ya yi ta shan ruwan tekun, hanjinsa ya tsotse ruwan, sannan ya fitar da gishirin. Ta ina? Ka ɗaga marfin kumatun kifi, za ka ga wasu jajayen abubuwa jere kamar haƙoran mataji, waɗanda mai gyaran kifi yake cirewa ya yar. Da su kifi yake numfashi, kuma a wannan littafi mashaƙa muke kiransu. A jikin mashaƙar akwai wasu ƙwayoyi ƙanana da aikinsu shi ne tura gishiri waje, dare da rana, kamar mai kwarfar ruwa daga jirgin da ke yoyo. Fitsarin kifin teku kuwa ɗan kaɗan ne, don ba shi da ruwan ɓarnatarwa.

Tarwaɗa matsalarta akasin haka ce. Jininta ya fi ruwan tafki gishiri, sai ruwa ya yi ta kutsawa jikinta kamar waken da aka jiƙa. Don haka ba ta shan ruwa, ƙodarta tana zubar da fitsari mai yawa tsararo, mashaƙarta kuma tana tsintar ɗan gishirin da ke ruwan tana shigar da shi ciki.

Kowannensu da famfonsa, kuma famfon hanya ɗaya yake juyawa. In ka saka taitus a tafki, zai ci gaba da zubar da gishirin jikinsa alhali ruwa yana cika shi, har jininsa ya tsinke. In ka saka tarwaɗa a teku, za ta bushe tana cikin ruwa. Amsar tambayarmu ke nan.

Shi buri famfonsa yana juyawa gaba da baya. In ya doshi ruwan daɗi, wasu sinadaran jikinsa sukan ba da umarni: ya rage sha, ƙoda ta buɗe, ƙwayoyin mashaƙa su bar tura gishiri waje su koma janyo shi. In ya juyo teku, komai ya koma yadda yake. Sauyin yana ɗaukar lokaci, shi ya sa wurin da ya fi so shi ne inda kogi ya haɗu da teku, inda ruwan yake da zartsi, ya bi a hankali daga wannan zuwa wancan. An same shi a ruwan da babu gishiri ko kaɗan, an kuma same shi a tafkunan da rana ta ƙafar har gishirinsu ya ninka na teku sau biyu. Tafkin Bardawil da ke arewacin Sina'i ya fi Bahar Rum gishiri, kuma buri yana cikin manyan kifayen da ake kamawa a can.

Tafkin Legas misali ne na kusa. Da rani ruwan teku yakan shigo ta mashigin tashar jiragen ruwa, tafkin ya yi gishiri. Da damina kogin Ogun da sauran rafuka su cika shi, ya koma kusan ruwan daɗi. Kifaye da yawa sukan shigo da rani su gudu da damina, wasu su yi akasin haka. Buri yana cikin 'yan kaɗan da ke iya zama a yi rani da damina da su.

Kifi mai ƙundu

Ranar da na fara fede buri da hannuna, na sa yatsa a cikinsa don in zaro kayan ciki sai na ji wani abu mai tauri, mulmulalle, bai fi ƙwallon goriba ƙarami ba. Na ɗauka ƙari ne. Matar da ta sayar mini ta karɓa, ta tsaga shi biyu da wuƙa, ta miƙo mini a tafin hannunta. Tsoka ce mai kauri, fara-fara, cikinta cike da baƙar laka mai ɗan yashi. Na murza lakar tsakanin yatsu na ji tana ƙaras-ƙaras. Ƙundu ne, irin na kaza sak. Ta wanke shi ta mayar mini cikin leda, ta ce kada in yar, shi ne daɗin kifin.

Wannan ƙundu shi ne bayanin ɗan bakin nan da muka gani. Buri laka yake ci. In ka tsaya shiru a bakin tafki da ruwa ya janye, inda zurfin bai wuce gwiwa ba, za ka ga garkensu sun sunkuyar da kai, wutsiya a sama, suna tafe suna tsotsar saman taɓo. Kowanne ya cika baki, ya ɗan ɗago, sai ka ga ƙura ta fito ta bakinsa da ta kumatunsa. Tankaɗe yake yi. A maƙogwaronsa akwai rariya mai laushi da take riƙe abin da ya yi laushi, tsakuwa da yashi masu kauri kuma ya furzar.

Me ke cikin laka da har zai ƙosar da kifi? Saman taɓon bakin kogi ba ƙasa ba ce zalla. Akwai ruɓaɓɓen ganye da kogi ya kwaso, akwai gansakuka, akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ciki har da wasu tsirrai masu ƙwaya ɗaya da ke zaune cikin kwanso mai tauri kamar gilashi. Haƙori ba zai fasa wannan kwanso ba. Sai buri ya haɗiye shi tare da ɗan lallausan yashi, ƙundu ya murƙushe su gaba ɗaya, kamar yadda kaza take haɗiyar tsakuwa don ta niƙa dawa. Daga nan niƙan ya wuce cikin hanji mai tsawon gaske, a naɗe kamar igiyar guga, wanda in ka warware shi ya ninka tsawon kifin sau uku ko fiye. Abinci marar maiƙo sai da doguwar hanya, kamar yadda hanjin akuya ya fi na kyanwa tsawo.

Nan ne nake ganin darajar kifin take. Kafin giwan ruwa ya ƙara kilo ɗaya, sai ya cinye kilo da yawa na ƙananan kifaye, su ma sun ci wasu. Tarwaɗar da muke kiwo, kowa ya san kuɗin abincinta ne yake karya mai gona, domin tana son abinci mai garin kifi a ciki. Buri kuwa daga tushe yake ci. Abin da ya ruɓe ya kwanta a ƙasan ruwa, wanda babu mai so, shi yake mayarwa nama. A dabbobin tudu, tunkiya ce takwararsa.

Cin lakar yana da nasa sharrin. Abin da ke ƙasan ruwa shi ke shiga jikinsa. Burin da aka kama a ruwa mai tsabta namansa fari ne mai maiƙo da daɗi. Wanda ya yi kiwo a bakin magudanar birni ko inda mai ya malala, wari da ɗanɗanon wurin suna bin sa har cikin tukunya. Masu gyara sukan kankare baƙar fatar da ta shimfiɗe cikin cikinsa don rage ɗaci, amma kankara ba ta fitar da guba. In za ka saya, ka tambayi ruwan da aka kamo shi.

Tsalle

Masuncin ƙugiya ba ya jin daɗin buri, domin kifin da ke tsotsar laka bai cika damuwa da tana ba. Sai birgi ko taru. Shi ma tarun sai an yi da gaske, don buri gwanin tsalle ne. Da ya ji an kewaye shi sai ya tashi sama ya haure igiyar, ɗaya ya yi, sauran su biyo. Masuntan Bahar Rum sun daɗe da gano maganinsa: sukan shimfiɗa wata koma a kwance bisa ruwa, a kan karare, a bayan ta tsaye, duk wanda ya haure ya faɗa a kanta.

Ko babu mai korarsa yana tsalle. Da yamma in ruwa ya kwanta, za ka ga ɗaya ya fito a hankali, ya karkata, ya faɗo ta gefe da ƙara fal, ya sake, ya kuma sakewa. Masu nazari sun lura cewa irin wannan tsallen yakan yawaita inda iskar numfashi ta yi ƙaranci a ruwa, kuma akwai wani ɗan kogo a bayan maƙogwaronsa da ke iya riƙe iskar da ya kamfato. Wanda ke kiwo cikin taɓo mai ruɓa, inda iska ke wuya, yana da dalilin leƙowa sama.

Tafiyar haihuwa

Duk daɗin da buri yake ji a bakin kogi, ba ya haihuwa a can. In ya shekara biyu zuwa huɗu, ya yi ƙiba, ƙwai ya cika cikin macen, sai su taru dubbai su nufi mashiga su fita teku. A mashigin tekun Meziko an same su suna zuba ƙwai kilomita 60 ko fiye daga gaɓa, a kan ruwa mai zurfi. A hanyar ba su cika cin komai ba, kitsen da suka tara ne guzurinsu.

Mace ɗaya tana zuba ƙwai daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, gwargwadon girmanta, maza suna biye suna zuba nasu ruwan a kai. Ƙwan bai kai milimita ɗaya ba, ƙwayar gero ta fi shi girma nesa. A cikin kowanne akwai ɗigon mai guda, wanda yake sa shi ya taso ya yi ta yawo kusa da saman ruwa. A nan ne gishirin teku ya zama dole, domin ruwan gishiri ya fi ɗaukar abu. A ruwan daɗi ƙwan nutsewa zai yi ya lalace. Cikin kwana biyu ya ƙyanƙyashe. Uwa da uba sun riga sun yi gaba, babu mai gadi, babu sheƙa. Karfasa tana goyon 'ya'yanta a baki ko ta tsare su a rami, shi ya sa ƙwanta bai da yawa. Buri ya bi hanyar sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, a cinye na cinyewa, 'yan kaɗan su tsira.

Waɗanda suka tsira, a farkon rayuwarsu mafarauta ne, suna cin 'yan mitsi-mitsin dabbobin da ke yawo a ruwa. In sun kai tsawon gaɓar yatsa, santimita 2 zuwa 3, sai su doshi gaɓa garke-garke, suna walƙiya kamar an watsa allurai. Su shiga ta bakin kogi ko mashigin tafki, su ɓuya a rafuffuka marasa zurfi inda manyan kifaye ba sa iya binsu. A nan hanjinsu yake tsawaita, ƙundu ya yi ƙarfi, su bar farauta su sunkuya kan laka.

Tafiyar iyayen tana da lokaci sananne a kowace ƙasa. A Taiwan garken yakan iso gaɓar tsibirin a kwanakin da dare ya fi tsawo a shekara, wajen ƙarshen Disamba, ba ya saɓawa, har mutanen can suka yi masa laƙabi da kifin da ke cika alkawari.

Masu jiran sa a hanya

Kifin da ke tafiya a garke, a lokaci sananne, ta ƙofa ƙunƙuntacciya, ba zai rasa masu tare shi ba. A gaɓar Muritaniya, inda Sahara ta gangaro ta sha ruwan Atilantika, akwai wata al'umma ta masunta da ake kira Imragen, a yankin Bank Dargen, wanda aka mayar gandun da ake karewa a 1976. Rayuwarsu a kan buri ta ginu. Mutum ɗaya yakan tsaya kan tudun yashi yana duban launin ruwa. In ya hango duhun garke, sai maza su shiga ruwa da ƙafa, koma a saɓe a kafaɗa kan sanda, su yi wa kifin zobe. A da sukan bugi ruwa da sanda, ƙarar ta jawo dolfin, dabbar ruwan nan mai shayarwa kamar ayu, su koro garken zuwa gaɓa, mutum ya samu, dabba ta samu. Mata kuma su tsaga naman su shanya, su dafa kawunan su tace mai, su gishirta ƙwan. Har yau ba a yarda da jirgi mai inji a cikin gandun ba, sai mai filafilai.

Irin wannan haɗin gwiwa yana nan da ransa a garin Laguna da ke kudancin Birazil. Masunta sukan jeru cikin ruwa iya ƙugu, kowa da birginsa a hannu, ruwan kuma gurɓatacce ne, ba sa ganin kifin. Dolfin ne yake koro garken, in ya iso sai ya yi wani nutso na musamman, masunci ya gane alamar ya watsa birgi. An haura shekara ɗari ana haka, 'ya'yan mutane suna koya daga iyayensu, 'ya'yan dolfin ma haka.

Abin da ya fi tsada a jikin buri shi ne ƙwansa. Jaka biyu ne dogaye, rawaya, a manne. Akan zaro su a hankali kada su fashe, a gishirta, a danne, a shanya har su yi tauri su yi launin zuma. Misirawa suna ce masa batarik, Italiyawa bottarga, Japanawa karasumi, kuma ana yanka shi siriri-siriri saboda tsada. Tsadar nan ta zame wa kifin masifa a wurare da dama, domin macen da ke ɗauke da ƙwai ake nema, a daidai lokacin da take hanyar zuba shi. Wanda ya yanka kaza mai ƙwai ya san abin da ya yi asara. A jihar Fulorida ta Amurka, kamun ya yi yawa har jama'a suka kaɗa ƙuri'a a 1994 aka hana amfani da manyan komaye masu shaƙe kifi a ruwan gaɓar jihar.

A Masar kuwa buri ya shiga al'ada tun zamanin Fir'auna, ana ganin hotonsa a zanen bangon kaburburan Saƙƙara. Da shi ake yin fasik: a bar kifin ya ɗan kumbura a rana, a cusa masa gishiri, a rufe a ganga makonni. Ranar bikin Shammun Nasim, Litinin ɗin da ke bin Istar Kibɗawa, iyalai Musulmi da Kirista sukan fita lambuna su ci shi da gurasa da albasa mai lawashi da lemun tsami. 'Yan uwanmu mazauna Sudan sun san fasik, ko da yake nasu da kifin Nilu irin su kawara da tsage ake yi. Sana'a ce mai son gwani, domin in gishiri bai ratsa ba guba takan tsiro a ciki. A 1991 mutum 18 suka rasu a Alƙahira bayan cin fasik da ya lalace, kuma duk shekara hukumar lafiya takan ja kunnen jama'a kafin bikin.

To, a kawo shi tafkinmu mana?

Mai karatu zai ce, tunda ga kifin teku da ke rayuwa a ruwan daɗi, abincinsa kuma ba tsada, ai mun samu abin da muke nema. Masar ta riga mu wannan tunani. Babu ƙasar da ta kai ta kiwon buri a duniya. A gonakin kifi na Kafrus Shaikh da kewayen tafkunan Burullus da Manzala, akan haɗa shi da karfasa a kududdufi ɗaya: karfasa ta ci abincin da aka watsa, buri ya bi ƙasa yana share abin da ya zube. Tun shekarun 1920 ake ɗibar 'ya'yansa daga gaɓa ana kai su tafkin Ƙaruna da ke Fayyum, cikin hamada.

Inda gizo ke saƙar shi ne iri. Macen buri takan yi ƙwai a kududdufi amma ba ta zubawa. Mai kiwon tarwaɗa ya san wannan matsala, ya kuma san maganinta, allurar nan da ake yi wa uwa kafin a matse ta. An gwada haka ga buri a Taiwan tun shekarun 1960, daga baya a Hawai, kuma an yi nasara. Amma ƙyanƙyasar tana bukatar ruwan teku, jariran kuma sai an noma musu abinci mai rai wanda ido da ƙyar yake gani, ga su da saurin mutuwa. Saboda haka har yau mafi yawan burin da ake kiwo, daga bakin teku ake kamo 'ya'yansa da koma mai ƙananan idanu, a daidai ƙofar da suke shigowa. Gonar tana tudu, amma cibiyarta tana binne a bakin kogi.

Ƙofar nan kuwa ba ta da wuyar rufewa. A 1986 aka kammala madatsar Diyama a kan kogin Senegal, kusa da birnin San Luwi, don hana ruwan gishiri hawa gonaki. Manoman shinkafa sun amfana. Amma fadamun da ke ƙasan madatsar, inda ambaliya take gauraya da ruwan teku kowace shekara, suka bushe suka koma fako mai gishiri, kifi ya ja baya, masunta suka watse. Sai da Muritaniya ta kafa gandun Jawling a 1991, aka koma sakin ruwa da gangan a lokacin da ambaliya ta saba zuwa, sannan kifi da tsuntsaye suka fara dawowa. Ruwan da aka tare a sama, na ƙasa ne yake biyan kuɗinsa, kuma mu da ke zaune a saman Kwara da Binuwai ya kamata mu riƙe wannan, domin ruwan da ya wuce ta Yawuri da Yola shi ne yake zama zartsin Neja Delta.

Gaɓar Nijeriya ta kai kilomita 850, kuma mafi yawanta tafkuna ne da rafuffuka, irin wurin da ɗan buri yake nema. Ana cike wasu da yashi don a yi gini, mai ya malale wasu, wasu kuma an sare dajin da ke inuwantar da su. Dajin nan shi ne ɗakin renon: itatuwa ne da ke tsaye cikin ruwan gishiri a kan saiwoyi kamar ƙafafun gizo-gizo, ganyensu da ke zuba shi ne yake zama lakar da buri yake ci, kuma babu ƙasar Afirka da ta kai Nijeriya yawansu. Yadda itace yake shan ruwan da zai kashe dawa cikin kwana biyu, shi ne abin da za mu duba a babi na gaba. Za mu fara daga Kalaba, inda a 1906 aka shigo da wani ɗan kwakwa daga Singafo aka dasa a bakin ruwa, yau ga shi yana cinye dajin.